Manhajar SADIE a hannun mai ƙirga ƙwarin gona: abin da take iyawa da inda ta gaza

Duk wanda ya taɓa tsugunawa a gonar wake da sanyin safiya yana buɗe fure ɗaya bayan ɗaya domin ya ƙirga tsutsar da ke huda kwanso, wadda masana ke kira Maruca, ya san cewa ɓarna ba ta sauka a gona daidai wa daida. Za ka tarar da wata kusurwa ta cika da tsutsa, ka yi taku ashirin zuwa gabas ka samu kunya biyar a jere babu ko ɗaya. Amma da zarar an koma ofis an zuba alƙaluman a Excel an fitar da matsakaici, wannan sanin da ƙafa da ido suka samo ya ɓace, sai a rubuta cewa gonar tana da tsutsa kaza a kowane fure ashirin, tamkar an auna ta da mudu an raba wa kowace kunya. Na daɗe ina jin ciwon wannan asara a aikina da kuma a kundin ɗaliban da nake dubawa, shi ya sa na koma wa wata tsohuwar manhaja mai suna SADIE, na yi aiki da ita a kan ƙirgan tsutsar wake da na darɓa da na wuta-wuta, kuma abin da na gani shi ne zan shimfiɗa a nan.

Hukuncina tun daga farko shi ne manhajar ta cancanci duk mai nazarin kare amfanin gona ya koye ta, duk da tsufanta da taurin sarrafa ta, domin tambayar da take amsawa tambaya ce ta gaske wadda kayan ƙididdigar da muka saba da su ba sa ko kallonta. Sai dai tana da aibu guda biyu ko uku waɗanda idan mutum bai san da su ba za su sa ya faɗi abin da gonarsa ba ta faɗa ba.

SADIE taƙaitaccen suna ne na Turanci da ke nufin nazarin yanayin wuri ta hanyar ma'aunin nisa. Wanda ya ƙirƙiro hanyar shi ne Farfesa Joe Perry, masanin ƙididdigar halittu da ya shafe kusan shekara talatin yana aiki a cibiyar binciken noma ta Rothamsted da ke garin Harpenden a Ingila, har ya yi ritaya a 2006. Ya dace a san gidan da manhajar ta fito, domin halinta halin gidan ne. An kafa Rothamsted a 1843, kuma gonar gwajin alkama da aka fara a wannan shekara har yau ana noma ta ana rubuta abin da ta bayar. A can Ronald Fisher ya zauna daga 1919 zuwa 1933 ya aza harsashin tsara gwajin gona kamar yadda muke koyar da shi yanzu, wato maimaita magani a filaye da dama da kuma raba filayen ta hanyar ƙuri'a, a can kuma aka haifi manhajar Genstat da yawancin masu binciken noma suka sani. A 1961 wani masanin ƙwari na cibiyar, Roy Taylor, ya nuna cewa akwai dangantaka tabbatacciya tsakanin matsakaicin yawan ƙwaro da irin yadda alƙaluman ƙirgansa ke warwatsuwa, sannan a 1964 aka fara kafa tarkunan da ke zuƙo darɓa daga iska da masu jawo ƙwarin dare da haske a sassan Birtaniya, aikin da ake ci gaba da yi. Perry ya yi aiki da Taylor a kan waɗannan alƙaluma, kuma daga nan ya lura da giɓin da ke cikin ma'aunan lokacin: suna iya gaya maka cewa wasu tarkuna sun kama da yawa wasu sun kama kaɗan, amma ba su damu da ko tarkunan da suka kama da yawa maƙwabtan juna ba ne ko kuwa a warwatse suke. A tsakiyar shekarun 1990 ya wallafa hanyar da ta cike wannan giɓi.

Tunanin da ke ƙarƙashinta mai sauƙi ne ƙwarai, kuma duk wanda ya taɓa watsa taki zai gane shi nan take. A ce da rani jakuna sun kai taki gona an jibge shi tsibi-tsibi, yanzu kuma ana so a baza shi yadda kowane wuri zai samu daidai da ɗan'uwansa. Idan an rarraba tsibin a ko'ina, aikin kaɗan ne, domin kowane kwando taku kaɗan zai yi. Idan kuwa duka an jibge su a gefe guda, sai an yi ta jigila zuwa ɗaya gefen. SADIE tana ɗaukar ƙwarin da aka ƙirga a matsayin takin, ta lissafa mafi ƙarancin jimillar nisan da za su yi tafiya kafin kowane wurin ƙirga ya samu adadi iri ɗaya. Lissafin da take amfani da shi aro ne daga dabarar da masu jigilar kaya ke bi wajen gano hanya mafi arha ta kai kaya daga rumbuna zuwa kasuwanni.

Bari in kawo misali na ƙirƙira wanda kowa zai iya bi da biro. A ce akwai tarko huɗu a layi ɗaya, tsakanin kowane biyu mita 10, kuma sun kama ƙwari 8, 4, 0, 0 bi da bi. Jimilla 12 ke nan, rabon kowane tarko 3. Ƙwari 5 za su bar tarko na farko su yi mita 10, sannan 6 su ƙetare daga na biyu zuwa na uku, sannan 3 su wuce zuwa na huɗu, jimillar tafiyar ta zama mita 140. Idan aka sauya jerin ya zama 0, 8, 0, 4, tafiyar mita 60 ce kacal. Matsakaici bai canza ba, warwatsuwar alƙaluma ba ta canza ba, duk wani ma'auni da bai san wuri ba zai ce gonakin biyu tagwaye ne, alhali a ta farko ƙwarin sun yi dandazo a gefe guda. Abin da manhajar ke yi bayan haka shi ne ta yamutsa waɗannan alƙaluma a tsakanin wuraren sau da yawa ta hanyar ƙuri'a, ta auna tafiyar kowane yamutsi, ta fitar da matsakaicinsu. A misalinmu jeri 12 ne kawai ke yiwuwa, matsakaicin tafiyarsu kuwa mita 93 da ɗoriya. Idan aka raba 140 da wannan adadi za a samu 1.5, wannan shi ne ma'aunin dandazo da ake rubutawa Ia. Idan ya haura 1 alamar dandazo ce, idan yana kusa da 1 babu wani tsari da ya wuce na sa'a, idan ya gaza 1 kuwa ƙwarin sun bazu fiye da yadda sa'a za ta baza su. Amma manhajar ba ta tsayawa nan, sai ta duba sau nawa ƙuri'a kaɗai ta ba da tafiya mai tsawon wadda aka gani. A nan jeri 2 cikin 12 ne, wato sau ɗaya cikin shida, abin da ya yi yawa ƙwarai a kafa hujja da shi. Tarko huɗu ba sa isa a yanke hukunci, kuma lissafin da kansa yake faɗin haka.

Wannan hali nata shi ne abu na farko da nake yaba mata. Ba ta buƙatar mutum ya ɗauka cewa alƙalumansa suna bin wani siffantaccen tsari, ba ta kuma firgita da sifili, alhali duk mai ƙirga ƙwari ya san cewa rabin takardarsa sifili ne. Ba lallai ne wuraren ƙirga su kasance a jere kamar gurabun dara ba, domin gonakinmu ba su cika zama murabba'i ba, ga itatuwan gawo da ɗorawa a tsakiya, ga suri, ga hanyar shanu. Muddin an san inda kowane wuri yake, za ta yi aiki.

Abu na biyu shi ne taswirar ja da shuɗi, wadda Perry da abokan aikinsa suka fito da ita a 1999. Maimakon lamba ɗaya ga gona duka, kowane wurin ƙirga yana samun tasa lambar. Wurin da ya fi matsakaici kuma yake cikin maƙwabta masu ƙwari da yawa yana samun lamba ta sama da sifili, idan ta haura 1.5 sai a ɗauke shi a matsayin ɓangaren dandazo a shafa masa ja. Wurin da ya gaza matsakaici kuma yake cikin maƙwabta masu ƙarancin ƙwari yana samun lamba ta ƙasa da sifili, idan ta kai 1.5 ta wancan gefen sai a ɗauke shi a matsayin fili a shafa masa shuɗi. A nan ne na fi jin daɗin aikin, musamman a kan wuta-wuta, domin wannan ciyawa tana zubar da iri a inda ta tsaya, don haka sanin ko dandazonta na bana yana inda na bara yake yana da amfani kai tsaye ga wanda zai tura mutane su cire ta da hannu ko ya zaɓi inda zai fi zuba taki. Taswirar kuma abu ce da za a iya shimfiɗa wa manomi ko malamin gona a gabansa ya gane ba tare da an yi masa laccar ƙididdiga ba, sau da yawa ma shi ne zai faɗa maka dalilin jan wurin, ya ce ai nan ruwa ke kwanciya, ko nan ne aka makara da shuka.

Akwai kuma sashen auna alaƙa, wanda Perry ya tsara tare da Philip Dixon a 2002. Yana ɗaukar taswira biyu na wuri guda, misali ta darɓa da ta ƙwarin da ke cinta, ko ta ƙwaro ɗaya a mako biyu daban, ya auna ko dandazonsu yana haɗuwa ko yana guje wa juna. A Ingila an yi amfani da wannan tunani wajen bin diddigin darɓar alkama da wani buzuzun ƙasa da ke farautarta, aka ga yadda wurin taruwar mafarauci ke bin wurin taruwar abin farauta a tsawon kakar noma. Ga mai son rage feshi ta hanyar barin ƙwari masu amfani su yi aikinsu, da wuya a samu tambayar da ta fi wannan muhimmanci.

Yanzu ga inda takalmin ke matsi. Manhajar asali, wadda ake kira SADIEShell, kyauta ake ba da ita, kuma wannan babban alheri ne ga ɗalibin da ba shi da kuɗin lasisi, amma an gina ta ne domin kwamfutocin Windows na wani zamani da ya wuce, kuma fuskarta tana nuna hakan. Tana karɓar fayil na rubutu tsantsa mai lamba uku a kowane layi, biyu na wuri, ɗaya ta ƙirga, kuma ƙirgan dole ya zama cikakkiyar lamba. Ƙaramin kuskure a tsarin fayil yana iya tsayar da aiki ba tare da wani bayani mai gamsarwa ba, na kuma ga ɗalibi ya ɓata yini guda a kan abin da bai wuce waƙafi da ya shiga inda bai dace ba. Sakamakon yana fitowa a fayiloli na rubutu cike da lambobi, kyakkyawar taswirar nan ta ja da shuɗi kuwa sai an kwashi lambobin an kai wata manhajar zane, kuma wadda aka fi amfani da ita a rubuce-rubucen masana ita ce Surfer, wadda ta kuɗi ce. Yawan yamutsin da za ta iya yi yana tsayawa a 5,967, adadin da ya wadatar ga yawancin ayyuka, ina kuma ba da shawarar a riƙa kai shi ƙarshe tunda kwamfutar yau ba ta jin nauyinsa. Wanda ya iya manhajar R ya fi samun sauƙi, domin akwai wani ƙunshi mai suna epiphy, wanda aka rubuta domin masu nazarin cututtukan tsirrai, da ke yin lissafin SADIE ya kuma zana sakamakon a wuri guda. Ni yanzu nan nake tura ɗalibai, ko da yake koyon R ɗin kansa wani hawa ne.

Aibun da ya fi damuna ba na fuska ba ne, yana cikin lissafin. A koma ga misalin tarko huɗu. Jerin 8, 4, 0, 0 ya ba da mita 140, amma jerin 0, 8, 4, 0 yana ba da mita 80 kawai, wato ma'aunin dandazonsa bai kai 1 ba, alhali a duka biyun 8 da 4 suna manne da juna. Bambancin kawai shi ne a na farko dandazon yana bakin gona, a na biyu yana tsakiya, kuma taki da aka jibge a tsakiya ya fi saurin bazuwa. Ma'anar wannan ita ce Ia yana auna girman dandazo haɗe da inda ya faɗo, ba ya iya raba su. Masana cututtukan tsirrai biyu, Xiangming Xu da Laurence Madden, sun yi rubutu a kan wannan matsala, kuma a 2012 su da Baohua Li suka kawo gyara ga ma'aunin kowane wuri domin rage tasirin bakin gona, gyaran da ke cikin epiphy. Abin yana da nauyi a wurinmu, domin ƙwari da yawa daga gefe suke shigowa, daga ciyawar kan iyaka ko gonar maƙwabci, kuma gonakin ƙanana ne, kusan ko'ina gefe ne. Haka nan idan dandazon ya kasu gida uku ko huɗu a sassan gona, lambar gona duka tana iya dawowa kusa da 1, mai gaggawa ya rubuta cewa babu tsari. Wanda bai buɗe taswira ya duba ba bai gama aikinsa ba.

Ya kamata kuma a san abin da ba a gina ta domin shi ba. Ba ta hasashen adadin ƙwari a wurin da ba a ƙirga ba, ba ta faɗin dalilin dandazo, ba ta kuma karɓar bayanai irin su danshin ƙasa ko ranar shuka ta haɗa su cikin lissafi ɗaya. Tazarar da aka bari tsakanin wuraren ƙirga ita ke yanke abin da za a gani, domin dandazon da faɗinsa mita 5 ne ba zai bayyana ga wanda ke ƙirga a kowace mita 30 ba.

Dalilin da ya sa na amince da manhajar duk da waɗannan aibobi yana da nasaba da sauran aikin mai ita, wanda ya kai shi tsakiyar rigimar irin da aka sauya wa ƙwayar halitta. A ƙarshen shekarun 1990 muhawara ta yi zafi a Birtaniya a kan amfanin gona da aka sauya domin ya jure maganin ciyawa, ana fargabar cewa feshin zai share ciyayin da ƙwari da tsuntsaye ke rayuwa a kansu. Gwamnati ta ɗauki nauyin wani gwaji a gonakin manoma na gaske, fiye da gona 200, wanda aka fara gadan-gadan a 2000, kuma Perry yana cikin waɗanda suka tsara ƙididdigarsa. An raba kowace gona gida biyu, rabi irin da aka saba tare da feshin da manomin ya saba, rabi sabon iri tare da nasa maganin, ƙuri'a kuma ita ta zaɓi rabin da zai samu wanne. An gwada masarar dabbobi, da wani tushe da ake tatsar sukari daga gare shi, da tsiron nan mai furen rawaya da ake matse mai daga 'ya'yansa, kowanne a gona kusan 60. Abin da ya fi burge ni shi ne tun kafin a ga sakamako an zauna an lissafa yawan gonakin da ake buƙata domin a samu damar da ta kai kashi 80 cikin 100 ta gano bambanci idan yawan wata halitta a rabi ɗaya ya kai ninki ɗaya da rabi na yawanta a ɗaya rabin. Ba da SADIE aka yi babban nazarin ba, domin tambayar ta yawa ce ba ta wuri ba, amma dabarar gwada abin da aka gani da abin da ƙuri'a za ta iya bayarwa ita ce dai aka bi.

Sakamakon ya fito a watan Oktoba na 2003, bai kuma faranta wa kowane ɓangare rai gaba ɗaya ba. A gonakin tushen sukari da na tsiron mai na bazara, rabin sabon iri ya fito da ƙarancin ciyayi da ƙarancin 'ya'yan ciyawa, an kuma ga raguwar wasu ƙwari masu ziyartar fure irin su malam-buɗe-littafi. A masara kuwa akasin haka aka gani, rabin sabon iri ya fi ciyayi, saboda maganin da aka fi fesa wa masarar gargajiya a lokacin, wato atrazine, yana da tsananin ƙarfi, kuma Tarayyar Turai tana kan hanyar hana shi. Masu binciken sun bayyana cewa bambancin ya samo asali ne daga irin maganin ciyawar da lokacin fesa shi. A watan Maris na 2004 gwamnati ta amince da noman masarar bisa sharuɗɗa, amma kamfanin Bayer ya janye ba da daɗewa ba.

Daga 2006 Perry ya shiga kwamitin masana da ke duba irin da aka sauya wa ƙwayar halitta a hukumar kiyaye lafiyar abinci ta Turai, EFSA, mai mazauni a Parma ta Italiya, ya kuma shugabanci kwamitin daga 2012 zuwa 2015. Abu biyu daga wannan zamani sun shafi duk mai riƙe da alƙaluma. Na farko shi ne dagewa a kan cewa gwajin da bai nuna bambanci ba bai tabbatar da cewa babu bambancin ba, domin ƙaramin gwaji mai hayaniya ba ya nuna komai ko da akwai abin gani. Saboda haka ƙa'idojin hukumar suka buƙaci gwaji biyu a tare: ɗaya yana tambaya ko sabon iri ya bambanta da ɗan'uwansa da ba a sauya ba, ɗaya kuma yana tambaya ko ya faɗa cikin iyakar bambancin da ake samu tsakanin ire-iren kasuwa da mutane suka daɗe suna ci lafiya. An kuma gindaya cewa a yi gwajin gona a wuri aƙalla 8, kowane wuri a maimaita sau 4. Na biyu shi ne lissafin da ya jagoranta a 2010 a kan masarar MON810, wadda ke ɗauke da sinadarin Cry1Ab mai kashe tsutsa, inda aka ƙiyasta haɗarin da bununin masarar ke yi wa tsutsar malam-buɗe-littafi idan ya sauka a kan ganyen da take ci a gefen gona. Nisa daga bakin gona shi ne ginshiƙin lissafin, wato dai tambayar wuri ce ta sake dawowa. Wasu masana sun soki ƙiyasin, suna ganin bununin yana tafiya nesa fiye da yadda aka ɗauka, hukumar kuma ta sake duba batun daga baya. A ganina hakan ya yiwu ne saboda an baje zato da lambobin a fili yadda mai suka zai samu abin kamawa.

Wannan sinadari na Cry1Ab shi ne ke cikin waken SAMPEA 20-T, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta samar domin jure tsutsar Maruca, hukumar kula da amincin fasahar halittu ta Nijeriya ta amince da shi a farkon 2019, aka kuma sake shi ga manoma a ƙarshen shekarar. A 2024 an saki masarar TELA, wadda ita ma aka sauya wa ƙwayar halitta. Don haka tambayoyin da aka yi a Ingila da Parma sun iso gonakinmu, kuma na sha jin ana neman amsarsu daga kayan aikin da ba nasu ba. SADIE ba za ta gaya wa kowa ko wake yana da lafiyar ci ba, wannan aikin nazarin sinadaran abinci ne da gwaje-gwajen da aka tsara dominsa. Ba za ta kuma faɗi ko sabon iri ya rage yawan gizo-gizo ko ƙudan zuma ba, wannan yana buƙatar gonaki da yawa da aka raba da ƙuri'a. Inda za ta yi amfani shi ne sa ido bayan an saki iri: ko tsutsar da ta tsira tana taruwa a wani sashe na gona, abin da zai sa a je a duba ko gaurayen iri ne ko kuwa alamar tsutsar ta fara jurewa, da kuma yadda ƙwari ke rarrabuwa tsakanin sabon iri da waken gargajiya da ke kusa da shi, da ko sauran maƙiyan wake irin su darɓa da masu tsotsar kwanso, waɗanda sinadarin ba ya kashewa, sun canza wurin zama bayan an rage feshi.

Ga ɗalibin digiri na biyu ko na uku da ke son gwada ta, shawarata ta fi karkata ga abin da zai yi kafin ya taɓa kwamfuta. Ya yanke tazarar ƙirga bisa yadda ƙwaron ke tafiya, ya fi kyau ya ƙirga wurare da yawa sama-sama a kan ya ƙirga kaɗan da zurfi, kuma ni ba na karɓar nazarin wuri da bai kai gurabun dara ba, wato wuri 30. Ya shigar da bakin gona cikin ƙirgan, ya kuma rubuta abin da ke bayan kowace iyaka. A ƙaramar gona kada ya dogara da wayar hannu wajen ɗaukar wuri, domin kuskurenta yana iya kai mita da dama, wanda ya isa ya musanya tarko da maƙwabcinsa. Igiyar awo da turaku masu lamba sun fi aminci, a kafa su tun ranar shuka, a bar su a wurin har a girbe, domin ƙirgan mako na uku da na mako na shida su faɗo a kan gurabu ɗaya.